Horo da Ta-cewa: Tambayoyi da Amsoshi kan Masu Koyon Ilimin Ƙwaƙwalwa da Halayya a Akra

An tattara waɗannan tambayoyi ne saboda matasan zangonnin Akra, daga Nima da Mamobi har Madina da Sabon Zango, waɗanda suka karanta ilimin halayyar ɗan'adam a jami'a kuma suke tunanin zurfafawa a ɓangaren da ya shafi ƙwaƙwalwa, da kuma iyayen da ke son sanin inda wannan dogon karatu zai kai 'ya'yansu. Amsoshin sun tsaya a kan yadda masu koyon aikin suke kallon horon da ake ba su, da kuma ko ana sauraronsu idan sun buɗe baki.

Wane fanni ne wannan, kuma me ya bambanta shi da aikin likita?

Niyurosaikoloji shi ne ilimin da ke nazarin yadda lafiyar ƙwaƙwalwa ko rauninta yake bayyana a halayyar mutum, wato yadda yake tuna abu, yadda yake magana da fahimtar magana, yadda yake mai da hankali, da yadda yake tsara al'amuransa na yau da kullum. Likitan jijiyoyi yana duba hoton ƙwaƙwalwa ya ga inda jini ya toshe, ya rubuta magani. Shi kuwa masanin wannan fanni zama yake yi da majinyaci na tsawon sa'o'i, da takarda da fensir da agogon ƙirga daƙiƙa, domin ya gano abin da ciwon ya ɗauke da abin da ya bari. Daga rahotonsa ne iyali kan san ko mahaifinsu zai iya komawa shago ya riƙe kuɗi, ko kuwa yaro yana buƙatar taimako na musamman a aji. Fannin ya daɗe da kafuwa: a 1861 likitan Faransa Paul Broca ya nuna cewa rauni a wani sashe na gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa yana hana mutum furta magana, daga baya kuma Alexander Luria na Rasha ya gina yawancin hanyoyinsa a kan sojojin da suka ji rauni a ka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Masu buƙatar wannan aiki suna nan cikin gidajenmu. Akwai waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, kuma binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Gana da Nijeriya, ciki har da na Akra da Kumasi da Kano da Zariya, ya tabbatar da cewa hawan jini ne babban musabbabin hakan. Akwai yara masu sikila, cutar da kusan kashi 2 cikin 100 na jariran Gana suke zuwa da ita, wadda kan toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓoye har sai karatun yaro ya fara ja da baya. Sai masu farfaɗiya, da yaran da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa musu ƙwaƙwalwa, da matasan da suka faɗo daga babur ba hular kwano a kansu.

Ta wace hanya ake zama ƙwararre?

A Gana, hanyar da aka fi bi ita ce mutum ya yi digiri na farko a ilimin halayyar ɗan'adam, ya yi hidimar ƙasa, sannan ya shiga digiri na biyu a ɓangaren asibiti, kamar wanda ake yi a Jami'ar Gana da ke Legon. Bayan haka sai horon aiki a ƙarƙashin wanda ya riga shi ƙwarewa, sai lasisi daga Majalisar Masana Halayyar Ɗan'adam ta Gana, wadda doka mai lamba 857 ta shekarar 2013 ta kafa. Gogewa a gwajin ƙwaƙwalwa kan samu ne a manyan asibitocin koyarwa irin su Korle Bu na Akra da Komfo Anokye na Kumasi, gwargwadon ƙwarewar wanda aka dace da samu a matsayin mai duba aiki.

A Amurka tafiyar ta fi haka nisa. Taron Houston na 1997 ya shimfiɗa tsarin da aka daɗe ana bi: digirin digirgir, shekarar horon asibiti, sannan shekaru biyu na ƙarin horo kafin mutum ya nemi shaidar ƙwarewa. A Ingila sai mutum ya gama digirgir ɗinsa na aikin asibiti kafin ya nemi shaidar wannan fanni. Afirka ta Kudu ta ware wa fannin rajistarsa daban, kuma Jami'ar Cape Town tana koyar da shi a matakin digiri na biyu.

Mene ne masu koyon suka fi yabawa a horonsu?

Zama da majinyaci na gaske a gaban malamin da ya san aikin. Kusan duk wanda ya bi wannan hanya zai shaida cewa ranar da ya fara ganin mutum yana ƙoƙarin faɗar sunan cokali, yana nuna yadda ake cin abinci da shi amma sunan ya ƙi fitowa, ya fahimci abin da watanni na lacca ba su fahimtar da shi ba. Suna kuma yaba horon rubuta rahoto, duk da cewa a lokacin da ake maido musu da shi cike da jan biro ba su jin daɗi.

To, ina ƙorafinsu ya fi yawa?

A kan kayan gwajin kansu. Mafi yawan gwaje-gwajen da ake koyarwa an ƙirƙire su ne a Amurka da Turai, da Turanci, domin mutanen da suka yi shekaru a ajin boko. Gwajin MMSE na 1975, ɗan gajeren gwajin tunani da mantuwa mai maki 30, yana tambayar majinyaci wane lokaci ne na shekara, ana kuma sa ran ya zaɓi ɗaya daga yanayi huɗu na ƙasashen sanyi, alhali mutumin Akra damina da rani da hunturu ya sani. Gwajin Boston na kiran sunayen abubuwa yana da hotuna 60, a cikinsu har da bukkar ƙanƙara ta mutanen can ƙuryar arewacin duniya, wadda dattijon Mamobi bai taɓa gani ba ko a mafarki. Wani gwajin yana so a ja layi daga lamba zuwa harafi, daga harafi zuwa lamba, cikin sauri, abin da ke nufin an ɗauka kowa ya haddace jerin haruffan boko tun yana yaro.

Matsalar da ta fi wannan zurfi ita ce ta ma'auni. Maki shi kaɗai ba ya nufin komai sai an kwatanta shi da makin lafiyayyun mutane masu shekaru da karatu irin na majinyacin, kuma teburan kwatancen da ke zuwa tare da kayan gwajin an tattara su ne daga wasu al'ummai daban. Idan aka auna ɗan Nima da ma'aunin ɗan Boston, lafiyayyen mutum zai iya fitowa a takarda a matsayin mai ciwon mantuwa. Ko a Amurka wannan batu ya tayar da ƙura: a 2021 hukumar wasan ƙwallon Amurka, NFL, ta amince ta daina amfani da ma'aunin launin fata wajen biyan diyyar tsofaffin 'yan wasan da suka bugu a ka, domin ma'aunin yana ɗauka cewa baƙar fata dama can makinsa ƙasa yake, don haka yana yi masa wuya ya nuna cewa ya samu naƙasa.

Ba yau aka fara lura da wannan ba. A 1931 da 1932 Luria ya je ƙauyukan Uzbekistan ya yi wa manoman da ba su yi makaranta ba wata tambaya ta lissafin hankali: idan duk beyar da ke can arewa mai dusar ƙanƙara fara ce, kuma wuri kaza yana can arewa, wane launi ne beyar ɗin wurin? Da yawansu suka amsa cewa su ba su taɓa zuwa can ba, kuma ba sa ba da shaida a kan abin da ba su gani ba. Duk wanda ya zauna da dattawan zango ya san cewa wannan amsa ce ta mai hankali da mutunci, amma takardar gwaji sifili za ta ba ta.

Yaya ake yi da wanda karatun allo ya yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun masu koyo 'yan zango, kuma a ganinmu ita ce inda suka fi kowa abin faɗa. A ɗauki misali da wani dattijo, tsohon ɗan kasuwar goro, wanda 'yarsa ta kawo shi asibiti saboda ya fara mantuwa bayan ɓarin jikinsa ya ɗan shanye. Mai koyon aikin ta gaishe shi, ta buɗe fom, ta ce, "Baba, shekara nawa kuka yi a makaranta?" Sai ya ce, "Wace makarantar, 'yata? Ta boko kam ban taka ƙofarta ba, amma na sauke Alƙur'ani tun ban fitar da gemu ba." Fom ɗin gurbi ɗaya gare shi, kuma shekarun boko yake nema. Ta rubuta sifili, tana jin nauyin abin a ranta, domin mutumin da ke gabanta yana riƙe da surori a ka, yana rubuta bashin abokan cinikinsa da ajami, ya kuma yi shekaru arba'in yana lissafin huhun goro ba tare da na'ura ba.

Da aka miƙa masa fensir sai ya fara daga dama. Da aka ce ya zana agogo ya sa hannayensa a kan ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma, sai ya yi murmushi ya ce shi azahar da la'asar ba su taɓa wuce shi ba. Da aka ce ya lissafa sunayen dabbobi cikin minti ɗaya, ya fara da Hausa, ya tsallaka harshen Tiwi, ya dawo, kamar yadda kowa a unguwar yake magana, mai koyon kuma ta rasa ko za ta ƙirga akuya sau ɗaya ko sau biyu. Gwajin MoCA, wani gajeren gwajin tunani da mantuwa wanda Dakta Ziad Nasreddine ya ƙirƙira a Kanada, yana ɗaukar maki 26 cikin 30 a matsayin iyakar lafiya, yana kuma ƙara maki ɗaya tak ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba. Maki ɗaya ba zai cike tazarar da ke tsakanin wannan dattijo da mutumin da aka yi gwajin dominsa ba.

Akwai kayan aikin da suka fi dacewa, kuma masu koyo suna so a riƙa koya musu su tun da wuri. An yi amfani da gwajin CSI-D na gano ciwon mantuwa a binciken da ya kwatanta tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙar fatar Indianapolis tun daga farkon shekarun 1990, kuma ƙarfinsa shi ne yana haɗa amsar majinyaci da bayanin wani na kusa da shi. Gwajin IDEA an gina shi ne a Tanzaniya domin tsofaffin da ba su yi boko ba, RUDAS kuma a Ostireliya domin baƙi masu harsuna daban-daban, ita ma MoCA tana da sauƙaƙƙen nau'i na masu ƙarancin karatu. Sai dai ko ɗaya cikinsu ba a gina shi a kan almajirin da ya zama malami ba. Abin da ya fi amfani a wurin dattijon nan shi ne a tambayi 'yarsa ko ya fara kuskure a surorin da ya saba ja a salla, ko ya fara manta wanda yake bi bashi, domin waɗannan su ne abubuwan da a da ba ya kuskurensu.

Jin Hausa riba ce ga mai koyo ko nauyi?

Duka biyun. Riba ce domin majinyaci yana sakin jiki idan ya ji harshensa, kuma mai ciwon da ya taɓa magana ba a iya auna shi da kyau ta bakin tafinta, musamman idan tafintan ɗansa ne, wanda tausayi zai sa ya gyara amsar kafin ya isar da ita. Nauyi ne kuma domin da zarar an san mutum yana jin Hausa, sai ya zama shi ake kira duk lokacin da aka kawo ɗan zango ko baƙo daga Nijar ko Burkina Faso, a bar shi yana fassara gwaji a tsaye, ba tare da an lissafa wannan a cikin horonsa ba. Ga shi kuma Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantun Gana, duk da cewa gidan rediyon ƙasa yana watsa shirye-shirye da ita, saboda haka matashi zai iya jin ta kamar ruwa amma bai taɓa rubuta ta ba. Fassarar da kowa ke yi da ka, yau haka gobe haka, tana ɓata gwajin, domin sharaɗinsa shi ne a yi wa kowa tambaya iri ɗaya.

Shin masu koyo suna da ta cewa a cikin sana'ar?

A takarda, akwai ƙofofi. Ƙungiyar INS ta masana wannan fanni na ƙasa da ƙasa, wadda aka kafa a 1967, tana da kwamitin ɗalibai, sashe na 40 na ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka, wanda ke kula da wannan fanni, shi ma yana da reshen ɗalibai da masu horo mai suna ANST. A watan Satumba na 2022 an yi taro a birnin Minneapolis domin sabunta ƙa'idojin Houston, kuma bambancin harshe da al'ada na cikin manyan batutuwan da aka sa a gaba. Wata ƙungiyar ƙwararrun Amurka, AACN, ta kafa shiri na musamman bisa fargabar cewa nan da 2050 kayan gwajin da ke hannu ba za su dace da ɗimbin mutanen ƙasar ba. Wato abin da mai koyo a Akra yake gani kowace safiya shi ne abin da manyan fannin suke taruwa suna tattaunawa a kai.

A aikace kuwa, samun kujera a kwamiti daban, a ɗauki shawarar mutum daban. Sau da yawa akan ba ɗalibai aikin shirya taro da yaɗa sanarwa, a bar tsara manhaja ga manya. Nisa ma yana rage ƙarfin magana: babban taron INS na shekara-shekara a Arewacin Amurka ake yin sa, ko da yake na tsakiyar shekara yana zagayawa, har ya sauka a Cape Town a 2017. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin mota daga Madina zuwa Korle Bu ba zai yi mafarkin tikitin jirgi da biza da kuɗin rajista na dala ba. Annobar korona ta ɗan sassauta wannan, domin tun 2020 ake gabatar da laccocin wannan fanni na shirin KnowNeuropsychology kyauta ta intanet, kuma tambayar da aka rubuto daga Nima tana isa gaban mai lacca daidai da ta kowa. A cikin gida kuma akwai Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan'adam ta Gana, inda ɗalibi zai iya gabatar da abin da ya gano a gaban waɗanda za su zama abokan aikinsa.

Me ya sa da yawa suke yin shiru a gaban mai duba aikinsu?

Dalili na farko a fili yake: wanda za ka yi wa gyara shi ne zai sa hannu a takardar horonka, shi ne kuma zai rubuta maka wasiƙar shaida, ga fannin ƙarami ne, kowa ya san kowa. Dalili na biyu daga tarbiyya ya fito. Yaron da ya tashi a zango an koya masa ya durƙusa ya gaida malaminsa, kada ya haɗa ido da shi, kada ya ja da maganarsa, kuma wannan ladabi abin alfahari ne da bai kamata a zubar ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a ɗakin gwaji mai koyon ne yake zaune da majinyaci sa'a biyu ko uku, malamin kuwa maki kawai yake gani daga baya. Idan mai koyon ya haɗiye abin da ya lura da shi saboda kunya, majinyacin ne zai koma gida da sakamakon da ba nasa ba.

Ladabi da gaskiya suna iya tafiya tare. Wanda ya ce, "Malam, na lura Baba ya gane tambayar da na yi masa ita da Hausa, ko za mu rubuta hakan a rahoton?" bai yi rashin kunya ba, kuma malamai da yawa suna jin daɗin irin wannan, domin su ma sun san gazawar kayan aikin, yawan marasa lafiya ne ya hana su tsayawa a kai.

Batun kuɗi fa?

Yana da nauyi, kuma gara a faɗa wa iyaye gaskiya tun farko. Karatun yana da tsawo, lokacin horon aiki ba lokacin tara abin duniya ba ne, kuma akwatunan gwaji irin na Wechsler, masu auna basira da ƙarfin tuna abu, da dala ake sayen su, ba a kuma sayar wa kowa sai mai shaidar ƙwarewa. Shi ya sa akwati ɗaya kan zagaya hannun ɗalibai da yawa, kowa yana jiran layinsa.

Idan mutum ya fita waje neman ƙwarewa, abin da ya koyo zai yi amfani a gida?

Ilimin sassan ƙwaƙwalwa da hanyar tunani a kan majinyaci suna aiki a ko'ina, kuma horon waje yana ba da gogewa a kan cututtuka da na'urori masu yawa. Abin da ba ya biyo mutum gida shi ne teburan kwatance da kuma yanayin aikin, inda ake ware wa majinyaci ɗaya rabin yini a ɗaki mai shiru. Wanda ya dawo sai ya sake koyon yadda ake yin gwaji mai inganci cikin ɗan lokaci, ana ƙwanƙwasa ƙofa, dangi biyar suna jira a baranda. Waɗanda suka fi amfanar gida su ne waɗanda suka zaɓi batun bincikensu daga nan tun kafin su tafi.

Mene ne mai koyo zai iya yi tun yanzu, kafin ya samu lasisi?

Ya fara da rubutu. A kowane rahoto ya bayyana harshen da aka yi gwajin da shi, da wanda ya yi tafinta idan akwai, da irin karatun da majinyacin ya yi, na boko da na allo kowanne da shekarunsa, da kuma ƙasar da aka tattara ma'aunin da aka kwatanta shi da shi. Wannan bai saɓa wa kowace ƙa'ida ba, hasali ma ɗa'ar aikin ce ta buƙaci a faɗi iyakar abin da gwaji zai iya nunawa. Ya kuma riƙe littafi na daban, ba tare da sunan kowa a ciki ba, inda zai riƙa rubuta tambayoyin da lafiyayyun mutane suke yawan faɗuwa a kansu.

Idan masu jin Hausa biyu ko uku suka haɗu a wuri ɗaya, su zauna su daidaita fassara guda, su sa wani ya maido ta Turanci domin a ga inda ma'ana ta karkace, su gwada ta a kan dattawa masu lafiya, bayan sun nemi izinin masu mallakar gwajin. Kundin digiri na biyu dama ce ta tattara makin lafiyayyun 'yan zango bisa shekaru da irin karatu, wanda shi ne ma'aunin da ake kukan rashinsa. Kafin a auna ko mutum ɗaya domin bincike sai an samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ko na asibiti, da yardar kowane mai shiga bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji, kuma a zango aikin ya fi tafiya idan an fara kai gaisuwa wurin sarkin zango da limamin unguwa, aka kuma sa mace a cikin masu gwajin domin iyaye mata.